Amsoshin Tambayoyinku: Kafin Ƴan Sanda Su Iso

Masu sauraro, assalamu alaikum daga nan Yamai. Wasiƙar farko ta wani ɗan kasuwa ce a Tawa. An fasa masa shago da dare, ya share ya kintsa, da ƴan sanda suka zo suka hau shi da faɗa. Yana tambaya ina laifinsa.

Alhaji, Allah ya mayar da alheri, amma tsintsiyar nan ɓarawo ta yi wa aiki. Zanen yatsa gumi ne da maiƙo da fata ke bari a kan abu mai santsi: gilashi, kwaɗon ƙofa, murfin akwatin kuɗi. Ma'aikacin bincike yakan baɗa hoda da lallausan buroshi, ya ɗauke zanen da salatif, ya manna a kati. Hannu ɗaya ya bi ta kai, ya dame ke nan. Bangon laka da buhu kuwa da wuya su riƙe shi. Abin yi shi ne a ja ƙofa, a tsayar da ƴan jaje a waje, a ɗauki hoto daga bakin ƙofa. In akwai sawun takalmi a rairayi, a kifa masa kwano. Kada kuma ranka ya ɓaci in aka ɗauki zanen yatsunka da na yaran shago. Don a ware naku ne daga na baƙo.

Wata baiwar Allah daga unguwar Bukoki ta ce an yi wa yarinyar maƙwabta fyaɗe, uwar ta ƙulle tufafin a leda. Ta yi daidai?

Hajiya, da ba ta wanke tufafin ba, ta kyauta ƙwarai. Ledar ce matsala. Jini ko maniyyi in aka rufe shi da danshi cikin zafin nan namu, ƙwayoyin cuta da fumfuna suna lalata ƙwayar halittar da ake nema, wadda ake kira ADN. A bar tufa ta sha iska a inuwa, ban da rana, a sa kowace ɗaya a takardarta daban. Amma asibiti ne kan gaba, kafin wanka in da hali. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, kuma takardar likita tana cikin abin da alƙali zai karanta. Ko an riga an yi wankan, a je. Jiran sulhun dangi shi ke cinye awoyin nan.

Sai wani ɗalibi da ke cewa: in ADN ya dace da mutum, ai shari'a ta ƙare?

Ina! Gwajin yana nuna jinin wane ne, ba ya faɗin yaushe ya zuba ko ta yaya. Wanda kullum yake shiga gidan, ba abin mamaki ba ne a sami alamarsa a ciki. Tagwaye masu kama ɗaya ma gwajin da aka saba yi ba ya raba su, sai dai zanen yatsa. Lauya mai wayo kuma ba da kimiyyar yake fara faɗa ba, hatimin da aka liƙe kayan shaida da shi yake dubawa: wa ya ɗauki kayan, ƙarfe nawa, hannun wa suka bi kafin ɗakin gwaji. Hatimi ya karye babu bayani a rubuce, shakka ta shigo. Rahoton ƙwararre bai ɗaure alƙali ba, yana auna shi da sauran hujjoji, wanda ake tuhuma kuma yana iya roƙon a sake gwaji a hannun wani.

Gwajin yana wanke mutum ma. A Ingila a 1986, karon farko da aka yi amfani da dabarar gwajin ADN ta masanin kimiyya Alec Jeffreys a binciken kisa, wani matashi ta fidda daga zargi bayan ya riga ya amsa laifi da bakinsa. Sai a 1988 aka yanke wa ainihin mai laifin hukunci.

Tambayar binciken gawa da gaggawar jana'iza tana hannunmu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.