Buta uku, alwala guda

Jama'a, salamu alaikum.

Ku dubi saurayin nan da ke tsugune bakin masallaci a unguwar Zariya. An tayar da sallar Magariba, liman har ya shiga raka'a ta biyu, shi kuwa yana kan buta ta uku. Ya wanke hannu, zuciya ta ce ruwa bai kai gwiwar hannu ba. Ya sake. Ta ce to, niyyar fa? Ya koma farko. Shi kansa ya san abin ya wuce ƙa'ida, kuma ya fi kowa jin kunya, amma da ya ce zai bari sai ƙirjinsa ya hau bugawa kamar ana sussuka.

Waswasi muke ce masa, kuma ba wanda bai taɓa shi ba. Sai dai in ya kai yana cinye wa mutum fiye da awa guda kowace rana, ya hana shi sana'a da barci, to ya zama ciwo. Likitocinmu da suka yi karatu da Faransanci suna kiransa TOC. Wani a alwala yake kama shi, wani a duba kwaɗon shago sau goma, wata kuma mugun tunani ne game da jaririnta, wanda ba ta iya faɗa wa kowa.

Ga inda tarkon yake. Shakka ta faɗo, tsoro ya taso, mutum ya sake wankin, ya ji sanyi a ransa. Wannan ɗan sanyin shi ne ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa wankin ne ya cece shi. Gobe sai ta nemi ƙari. Susar ƙazwa ke nan: daɗi yanzu, gyambo an jima.

A 1966, wani masanin halayyar ɗan Adam a Landan, Victor Meyer, ya gwada wata hanya da har yau ita ce kan gaba. A sa mutum ya fuskanci abin da ke tayar masa da shakka, a hana shi susar. Ba da ƙarfi ba, da yardarsa, hawa-hawa. Ranar farko wataƙila alwala biyu maimakon shida. Mai jinyar yana zaune kusa, yana tambaya, daga sifili zuwa goma, tsoron ya kai nawa? Tara. Bayan ɗan lokaci? Bakwai. Ba wanda ya kashe tsoron, shi ya gaji ya sauka da kansa. Wannan shi ne darasin da saurayin bai taɓa samu ba, don kullum yana komawa ga buta kafin tsoron ya sauka.

Abin da ke ba ni mamaki, wanda ya yi karatun Ahalari a zaure ya riga ya ji irin wannan. Can an ce mai waswasi ya yar da waswasin daga zuciyarsa, kada ya kawo abin da yake shakka a kai, ya yi ba'adi kawai. Malamanmu sun daɗe da gane cewa bin shakka kiwonta ne.

Iyaye da matan gida, a nan kuna da hannu. In yana tambaya, Inna, kin ga na wanke ƙafa? kina ce masa ka wanke, sau ashirin a yini, tausayi ne, amma ita ma susa ce. A shirya da likitan da ke duba shi yadda za a rage amsar sannu a hankali, ba tare da tsawa ko gori ba.

Fargaba ƴar uwar waswasi ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce mutum miliyan 301 ke fama da ciwonta a 2019. Mace ce tsakiyar babbar kasuwa, numfashi ya sarƙe, gumi ya karyo, ta ce mutuwa ce ta zo. Daga ranar ta daina zuwa kasuwa, sannan biki, sannan ƙofar gida. Hanyar da Aaron Beck ya assasa a Amurka a shekarun 1960, wadda ake taƙaitawa da TCC, tana sa a zauna a tuhumi tunanin: sau nawa ya ce za ki mutu, sau nawa kika mutu? Daga nan a koma kasuwar, yau bakin ƙofa, jibi layin masu kayan miya.

Sai ciwo na uku, mai nauyin: tabon da tashin hankali ke bari a zuciya. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa yankin Gidan Rumji suna gudun ƴan bindiga, kuma ƙauyukanmu na bakin iyaka ma sun ɗanɗana. Da yawa hankalinsu kan kwanta da kansa in an samu tsaro da ƴan uwa. Wasu kuwa, wata guda ya wuce, abin bai wuce ba. Ƙarar babur ta mayar da mutum daren nan, har warin hayaƙin yana ji. Ba tunawa yake yi ba, a cikin abin yake.

Akwai wata hanya da masana na jami'ar Konstanz a Jamus suka tsara, aka gwada ta da ƴan gudun hijira a Yuganda. Kayan aikinta igiya ce, da duwatsu, da furanni. A shimfiɗa igiyar a ƙasa, ita ce rayuwar mutum tun haihuwa. Inda aka yi farin ciki ya aza fure, inda aka yi tashin hankali ya aza dutse. Ƙarshen igiyar a bar shi a naɗe, kwanakin da ba su zo ba ke nan. Zama bayan zama, a bi duwatsun ɗaya-ɗaya, a ba kowane rana da wuri, har ya zauna a inda ya faru, ya daina biyo mutum cikin yau. Akwai kuma EMDR, ta Francine Shapiro, tun 1987: ana tuna abin ana bin yatsan mai jinya da ido, dama da hagu. A 2013 OMS ta sa ta cikin hanyoyin da ta yarda da su. Wannan duk aikin wanda aka horar ne. Kada a tsare wanda abin ya same shi jiya a ce sai ya ba da labari.

Magani na sha? Akwai. Irin su fuloksetin suna taimakawa, amma ba kamar farasitamol ba ne, a waswasi sai a yi mako 8 zuwa 12 kafin a ga amfaninsa sosai, kuma likita ne ke rubutawa. Baliyam na masu tebur yana kwantar da mutum yau ya ɗaure shi gobe, tiramol kuwa ba ma maganin wannan ba ne.

Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. In kun je, za a iya fara duba jini da zuciya da maƙoshi, don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo kan kawo bugun zuciya irin na fargaba. Ku faɗi abin yadda yake, da adadinsa: buta nawa, dare nawa ba barci, wata nawa rabonki da kasuwa. Sannan ku nemi a haɗa ku da mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.