Sharhi: Awon sanyin ƙanƙarar Tekun Aktik

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai kai mu can ƙuryar arewacin duniya, wato Tekun Aktik, inda saman teku kan daskare ya zama ƙanƙara mai kaurin mita biyu ko fiye.

Tun shekarar 1979 taurarin ɗan'adam ke bibiyar faɗin wannan ƙanƙara. Su ne suka nuna cewa a watan Satumban 2012 ta ragu zuwa kimanin murabba'in kilomita miliyan 3.4, raguwar da ba a taɓa ganin irinta ba tun da aka fara awon. Sai dai tauraron da ke auna zafi daga sama, saman ƙanƙarar kawai yake iya karantawa, kuma da zarar gajimare ya gitta, awon ya tsaya.

To, ainihin labarin kuwa yana cikin ƙanƙarar. Ruwan teku, saboda gishirin da ke cikinsa, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai kimanin digiri 1.8 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos. Don haka gindin ƙanƙara kullum yana nan kusa da wannan awo, alhali samanta a tsakiyar hunturu kan kai digiri 30 ƙasa da sifili. Wannan tazara ce ke jan ɗumin teku ya fice ta sama, sai sabuwar ƙanƙara ta riƙa ƙaruwa daga ƙasa. Idan dusar ƙanƙara ta lulluɓe saman da kauri, ɗumin ya rasa mafita, ƙaruwar ta ragu.

Shi ya sa masana ke huda ƙanƙarar su zura wata igiya mai ɗauke da ƙananan ma'aunan zafi, jere kamar 'ya'yan carbi, a wasu na'urorin santimita 2 ne kacal tsakanin ma'auni da ɗan'uwansa. Igiyar kan faro daga iska, ta ratsa dusa da ƙanƙara, ta kai ga ruwa, sannan ta aika sakamako ta tauraron ɗan'adam. Abin burgewa, akan ɗan ɗumama kowane ma'auni a ga yadda ɗumin ke gushewa, ta haka ake gane inda dusa ta ƙare da inda ruwa ya fara. Irin waɗannan na'urori aka baza sa'ad da jirgin ruwan Jamus mai suna Polarstern ya bar Tromso ta ƙasar Norwe a Satumban 2019, ya maƙale da gangan cikin ƙanƙara yana bin ta inda ta nufa, bai koma gida ba sai Oktoban 2020.

Abin da ke damuna shi ne, na'urorin kaɗan ne a teku mai girman gaske, kuma ƙanƙara kan murƙushe su ko ta narke, sai su nutse. Ga kuma siyasa: tun da Rasha ta mamaye Yukiren a 2022, haɗin gwiwar bincike tsakaninta da ƙasashen Yamma ya yi rauni ƙwarai, alhali kusan rabin gaɓar Tekun Aktik a hannunta yake. A ganina, duk tsananin rikici, ya kamata gwamnatocin nan su bar masana su ci gaba da dasa na'urori kowace shekara, su kuma riƙa musayar abin da suka auna ta kowane ɓangaren tekun.