Darasi: Yadda za a kai Wi-Fi har ƙuryar ɗaki

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau daga Tudun Wada nake magana, nan cikin Gombe, a gidan yayana. Ya kira ni tun da safe wai rawutarsa, wato na'urar da ke ba gidan Wi-Fi, ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Tana falo, shi kuma ɗakinsa na can bayan tsakar gida, bangon bulo uku tsakani, ga ƙofar ƙarfe. Siminti da ƙarfe kuwa su ne ke cinye sigina.

Ga abin da na zo da shi, 'yar na'urar nan mai kunnuwa biyu, ekstenda. Ku ɗauke ta kamar mai maimaita kabbara a filin Idi: yana jin liman, sai ya ɗaga murya don sahun baya. In bai ji liman ba, me zai maimaita?

Da farko ku jona ta a soket kusa da rawutar, ku jira fitilarta ta daina ƙiftawa. Danna maɓallin da aka rubuta WPS a rawuta, shi ne ke haɗa na'urori ba tare da kalmar sirri ba, sannan ka danna nata kafin minti 2 su cika. Kun gani? Ta kama. In rawutarka ba ta da WPS, haɗa wayarka da sunan ekstendar, buɗe adireshin da ke rubuce a jikinta, zaɓi Wi-Fi ɗin gidanka, ka sa kalmar sirri.

To, nan ne mutane ke ɓata aikin. Sai mutum ya cire ta ya kai ta cikin ɗakin da babu sigina, ya dawo yana cewa an sayar masa da jabu. A tsakiya ake sa ta. Riƙe wayarka, ka taho daga falo a hankali kana kallon sandunan siginar Wi-Fi a wayar. Nan bakin baranda ina da uku. Taku biyar gaba, ta koma ɗaya. Saboda haka baranda ce wurinta, a soket na sama, ba bayan firij ba, ba kusa da tankin ruwa ba.

In ta nuna muku 2.4 da 5, wato nau'o'in siginar Wi-Fi biyu, ɗauki 2.4 don ɗaki mai nisa, ta fi ratsa bango. Ita 5 ta fi gudu amma ba ta nisa. Gudun intanet kuma zai ragu ta ekstenda, wani lokaci har da rabi, tunda na'ura ɗaya ce ke karɓa tana miƙawa. Idan dama sabis ɗin layinku ne ba ƙarfi a unguwa, wannan ba za ta yi maganinsa ba. Kuma ba ta da batiri, ana ɗauke wuta ta tafi, sai dai a jona ta layin sola.

Yaya, shiga ɗakin ka rufe ƙofa. Sanda nawa? Uku? To buɗe YouTube mu gani.