Shayi na tsaya sha a Emporia, jarida ta cinye min yini

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, iskar Kansas ce, ba ta san hutu ba. Daga Wichita na taso da sassafe zan je Kansas City, an yi wa wani abokina haihuwa, gobe suna. Niyyata in tsaya minti ashirin a nan Emporia, in sha mai in sha shayi in wuce. Man ma na dala 38 na zuba. To ga shi la'asar ta kusa ina nan, kuma wallahi jarida ce ta riƙe ni.

Na shiga wani ɗan gidan cin abinci, na zauna kusa da wani dattijo Bature, da ka gan shi ka ga manomi, hannun nan duk kanta. Jarida ce a gabansa, amma ba ta shafin farko ya fara ba. Kai tsaye ya buɗe inda ake sa waɗanda suka rasu, yana bi da yatsa, yana gyaɗa kai. Kun san ni da bakina. Na ce, Baba, lafiya? Ya ce lafiya lau, yana duba ko sunansa ya fito ne, idan bai fito ba sai ya yi odar ƙwai. Muka yi dariya, ya turo min ita.

Jama'a, abin da na gani ne ya tsaya min a rai. Wata tsohuwa ce ta rasu, ba 'yar kowa ba, ba matar gwamna ba. Amma an rubuta ranar da aka haife ta, sunan babanta da na mamarta, makarantar da ta yi, ranar aurenta, inda ta yi aiki, 'ya'ya da jikoki kowa da sunansa da garin da yake zaune, har da cewa tana son saƙa da lambu. Ni kuwa kakana da ya rasu ina aji uku a firamare, yau in ka tsare ni da wuƙa ban san ranar ba. Babata ta ce da kaka ne, kawuna ya ce ana sanyi. An yi sanarwa a rediyo kam, sau uku ma, amma maganar rediyo iska ce, ta tafi.

Sunan jaridar Emporia Gazette. Garin gaba ɗayansa mutum dubu 24 ne ko kusa da haka, wata unguwar a Kano ta ninka shi, amma jaridarsa tun 1890 take fitowa. Kuma gida ɗaya ne ke riƙe da ita tun 1895. Ku lissafa da kanku.

Mutumin da ya saye ta a shekarar sunansa William Allen White, yana ɗan shekara 27. Dala 3,000 ya biya, kuma duk bashi ya ciwo. Shi da kansa ya ba da labarin ranar da ya sauka daga jirgin ƙasa zai karɓi jaridar, dala ɗaya da kwata ce kawai a aljihunsa. Ya tsaya yana shawara, ya taka da ƙafa ne ko ya hau keken doki na haya? Sai ya hau keken, don kada gari ya ce sabon mai jarida matsiyaci ne. Wannan wurin kam na gane shi sarai. Duk wanda ya taɓa komawa gida hutu da bashi a wuyansa amma ya ɗauki shatar mota daga filin jirgi ya san wannan lissafin. Ba zan kama suna ba.

Shekara ɗaya da 'yan watanni, a Agustan 1896, ana tsakiyar kakar zaɓe, wasu manoma 'yan jam'iyyar talakawa suka tare shi a titi. Ga shi ya ci kwalliya, ga ƙiba, suka zagaye shi suna yi masa ihu a kan ra'ayinsa. Ya koma ofis ransa a ɓace, ya zauna ya rubuta sharhi mai zafi, wanda da Hausa za ka ce "Me ke damun Kansas?", ya yi musu tatas, ya bar shi a buga, ya kama jirgi ya tafi Colorado wurin matarsa. Kafin ya dawo sunansa ya zagaye Amurka. 'Yan Rifablikan da ke yi wa McKinley, ɗan takararsu na shugaban ƙasa, kamfe suka kwafi rubutun suka yi ta rabawa kamar goro. Abin dariyar, da shekaru suka ja sai shi kansa ya sauya, ya koma goyon bayan da yawa daga abubuwan da manoman nan suke nema, ya zama aminin Theodore Roosevelt, wanda ya yi shugabancin Amurka.

Bari in juya muku kyamara. Kun ga gidan can na jan dutse? Gidansa ne, Red Rocks ake ce masa, yanzu hukumar tarihi ta jihar ce ke kula da shi. Shugabannin ƙasa sun taka ƙofar nan, Roosevelt na ciki. A garin da za ka tsallake shi da mota cikin minti goma! An yi ta zawarcinsa ya koma manyan birane, ya ƙi, ya ce shi editan ƙauye ne.

Amma ba shugabannin ne suka taɓa ni ba. A watan Mayu na 1921 'yarsa Mary, tana da shekara 16, tana kan doki a cikin garin nan, ta juya za ta ɗaga wa wani hannu, reshen bishiya ya buge ta a kai. Bayan kwanaki kaɗan ta rasu. Uban ya zauna ya rubuta labarinta a jaridarsa, yadda ake rubuta na kowa, sai dai wannan uba ne ke rubutu. Ya faɗi tsokanarta, da yadda take cika motar gidansu da duk wanda ta gani a hanya, da yadda ta matsa wa hukumar makarantarsu sai an samar wa 'yan mata baƙar fata ɗakin hutawa, don ta ga wata tana karatu a banɗaki saboda ba ta da wurin zama. A 1921 fa, a Amurka. Rubutun ya shiga littattafan makaranta, yara suka yi ta karanta shi shekara da shekaru. Daga baya iyayen suka ba garin fili don tunawa da ita, shi ne Peter Pan Park, can na yi sallar azahar ɗazu a gefen ruwa, ba wanda ya ce min kanzil.

Shekarar da ta biyo baya ma'aikatan jirgin ƙasa suka shiga yajin aiki. Gwamnan Kansas na lokacin, Henry Allen, abokin White ne na ƙut da ƙut, tare suka je Faransa lokacin yaƙin duniya na farko. Gwamna ya ce duk wanda ya manna takardar goyon bayan masu yajin ya karya doka. White ya ɗauko tasa ya manna a tagar ofishin jarida. Aboki ya sa aka ba da sammacin kama aboki. Shi kuma ya mayar da martani a shafin sharhi, gajeren rubutu a kan 'yancin faɗar albarkacin baki, kuma shi ne ya ciyo masa kyautar Pulitzer, babbar lambar yabon aikin jarida a Amurka, a 1923. Ƙarar ma watsi aka yi da ita. A 1924 kuma, da ƙungiyar Ku Klux Klan ta yi ƙarfi a jihar, masu ƙin baƙar fata da Yahudawa da 'yan Katolika, kuma ya ga manyan 'yan takara sun yi gum, sai ya fito takarar gwamna ba jam'iyya, ya zagaye jihar a motarsa yana yi musu ba'a a bainar jama'a. Na uku ya zo. Ni da nake tsaye a nan da fatata baƙa ina ɗaukar bidiyo a ƙofar gidansa, ba zan raina na ukun nan ba.

Ya rasu a Janairun 1944. Ɗansa William Lindsay White ya gada, ɗan jarida ne shi ma, ya ɗauko labarin yaƙin duniya na biyu daga Turai. A Landan, lokacin da Jamus ke yi wa garin ruwan bama-bamai, ya ɗauko wata yarinya marainiya ya kawo ta Amurka ya riƙe. Ita ce daga baya jaridar ta koma hannunta ita da mijinta, sannan ɗansu. Ikon Allah ke nan.

Kada wani ya rubuto min a ƙasa cewa na zo Amurka na raina gida. Mu ma muna da abin tinƙaho. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, Abubakar Imam na edita, kuma Hausar da aka zuba a cikinta har gobe ba a yi irinta ba. Muna ƙanana babana yana sayenta. Amma mu yara me muka yi da su? Mai ƙosai muka kai wa. Wasu aka liƙe bangon shago da su, saura gara ta yi biki. A nan kuwa, a 1875 editocin jaridun Kansas suka haɗu suka kafa ƙungiyar tarihi ta jihar, kowa ya riƙa aika kwafin jaridarsa ana adanawa a Topeka, babban birnin jihar. Shi ya sa Bature zai zo ya ce yana neman ranar da kakan kakansa ya yi aure, a juya masa na'ura ya gani da idonsa. Wannan ne ya ba ni haushi, kuma haushin kaina nake ji.

Ba wai su ma suna cikin daɗi ba ne. Tun daga 2005 Amurka ta rasa sama da kashi ɗaya cikin uku na jaridunta, yawancinsu irin waɗannan ƙanana. Da can ƙananan tallace-tallace ne ke riƙe su, mai sayar da tsohuwar mota, mai neman ɗan haya, yanzu duk Facebook ya kwashe kyauta. Abin da ya rage shi ne masu biyan kuɗin wata, da tallan shagunan gari, da sanarwar da doka ta wajabta wa hukuma ta buga. Dattijon nan ya ce jikokinsa ba sa taɓa ta sai ranar da hotonsu ya fito a wasan ƙwallon makaranta.

Gargaɗi ɗaya ga masu shirin zuwa karatu irin waɗannan garuruwan, don akwai jami'a a nan ma. Da yawa daga jaridun ƙananan garuruwa suna buga rahoton 'yan sanda da na kotu, da cikakken suna. Ka yi tuƙi ba lasisi, ko a kira maka 'yan sanda kuna rigima da maƙwabci, sai ka tsinci sunanka a shafi, kuma sunan Bahaushe a garin nan ba ya ɓuya, kai kaɗai ne. Yanzu kuma komai yana intanet, mai ɗaukar aiki zai gani bayan shekara goma. Ni dai tun da na shigo garin nan ban wuce gudun da aka rubuta a allo ba ko da ɗigo.

Na sayi kwafi biyu. Ɗaya zan ajiye, ɗaya zan kai wa mai jego ta sa a akwati, jaridar satin da aka haifi yaron, duk da mijin zai ce rowa ce ta sa ban sayo atamfa ba. Kawuna kuma na tura masa saƙon murya, na ce ya je wurin limamin unguwa ko yana da wani littafi da yake rubuta jana'iza. Ya saurara, na ga alamar ta yi shuɗi, bai amsa ba tukuna. Bari in kama hanya, saura tafiyar kusan awa biyu kuma ga hadari can ya taso ta yamma.