Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Muhalli Daga Ɗaliban Sashen Gandun Daji

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Mai girma Kwamishinan Muhalli, mai girma Shugaban Jami'a, Shugaban Tsangayar Aikin Gona, iyayen ƙasa, malamanmu, 'yan uwana ɗalibai. A madadin ɗaliban Sashen Gandun Daji da Namun Dawa, ina yi wa babban baƙonmu lale marhabin, sannu da hanya. Mun san aiki ya yi maka yawa, amma ka tako ƙafa da ƙafa ka zo inda muke. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ranka ya daɗe, karatunmu shekara biyar ne, ta huɗu kuma galibinta a fili muke yin ta, hannu cikin ƙasa. Idan muka je hutu, mutanen gida kan tambaye mu: dashen itace ma sai an shiga jami'a? Gaskiyarsu, dashe kowa ya iya. Abin da ya zaunar da mu a nan shi ne sanin abin da ke kashe itacen bayan an dasa shi, an ɗauki hoto, an watse.

Itace yana ciwo, sai dai ba ya kuka. A wurin renon tsirranmu za ka ga ƙananan maɗatai da kansu ya lanƙwashe ya bushe. Idan aka tsaga wurin, tsutsa ce a ciki, ta huda tsakiyar tohon ta bar kashinta kamar garin katako. Maɗacin ba zai mutu ba, amma zai yi ta fid da rassa barkatai, ba zai ƙara miƙewa ya ba da katako mai kyau ba. Haka kauci yake yi wa kaɗanya da ɗorawa. Tsuntsu ne ke cin 'ya'yansa masu danƙo ya bar ƙwayar a kan reshe, ta kafa saiwa cikin naman itacen tana shan ruwansa. Wanda ya tsige ganyen kaucin kawai ya yi aikin banza, sai an sare reshen daga ƙasan kumburin. Ita kuwa gara ta ƙarƙashin ƙasa take cinye saiwar itacen turare tun yana ƙarami. Ganye ɗaya da ya yi rawaya yana iya zama ƙishi, ko cuta, ko gishirin ƙasa, kuma rarrabe su shi ne aikinmu.

Malamanmu ba sa gajiya da tuna mana abin da ya sami darbejiya. A shekarun 1980 wasu ƙananan ƙwari masu manne wa ganye sun auka mata a yankin Tafkin Chadi, sannan a farkon shekarun 1990 aka ga tana zubar da ganye tana bushewa daga sama a Jamhuriyar Nijar da arewacin Najeriya. Ita ce kuwa aka fi dogara da ita wajen inuwa da shingen tare iska. Darasin da muka ɗauka shi ne, dasa iri ɗaya tak ganganci ne.

Ba ƙwari ne kaɗai ke cin daji ba. Gawayi yana ƙarar da ƙirya da marke, gobarar kaka tana lashe sabon tsiro, madobiya kuwa an sare ta a Taraba da wasu wurare har sai da aka saka ta cikin itatuwan da ake sa ido kan cinikinsu a duniya a 2017. Abin da ya fi ci mana rai, dazuzzuka irin su Rugu da Kamuku, da ya kamata su zama ajinmu, rashin tsaro ya sa ɗalibi ba ya iya shigarsu.

Ranka ya daɗe, jiharmu tana cikin jihohi 11 da ke ƙarƙashin shirin Babbar Koriyar Ganuwa na dasa itatuwa don tare kwararowar hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Kowace damina ana sanar da yawan itatuwan da aka dasa. Roƙonmu shi ne ma'aikatarka ta riƙa tura mu gandayenta a ƙarshen rani, lokacin da zafi ya gama tankaɗe da rairaya, mu ƙirga waɗanda suka rayu, mu tono waɗanda suka mutu mu rubuta dalili. Ma'aikata za ta sami sahihin bayani, mu kuma mu sami ƙwarewa. Muna kuma fatan a buɗe mana hanyar ziyarar Maraɗi da Damagaram, mu ga yadda manoma suka raya gawo a gonakinsu ta hanyar kula da tohon kututture, ba tare da sabon dashe ba. Idan an tashi ɗaukar ma'aikatan gandun daji, don Allah a tuna da yayyenmu da suka kammala suna zaune a gida.

Bayan jawabinka, muna gayyatarka zuwa wurin renon tsirrai, tunda gani ya kori ji. Mun tanadi tsamiya guda da za ka dasa da hannunka, ban ruwanta kuma 'yan aji ɗaya sun ɗauki nauyinsa. Allah ya yi maka jagora, ya mayar da kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum warahmatullah.