Jawabin Maraba Ga Baƙonmu Daga Majalisar Tarayya, A Dutsen Alhaji

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu sarakuna da masu unguwanni, malamanmu limamai da fastoci, iyayenmu mata, shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi, matasa maza da mata, sai kuma babban baƙonmu na yau, mai girma ɗan majalisar wakilai kuma memba a kwamitin gyaran kundin tsarin mulki. Ranka ya daɗe barka da zuwa Dutsen Alhaji, sannu da hanya, sannu da rana. Wallahi mun ji daɗi da ka taso da kanka ba aike ka yi ba, mutanen nan da kake gani tun hantsi suke zaune, wasu rufe shago suka yi, wasu sun ajiye Keke Napep ɗinsu sun haƙura da cinikin yau don kawai su gan ka su ji daga bakinka.

An ce in yi maraba ne, amma dattawa sun ce kar in sauka sai na ba ka tarihin kujerar nan tamu ta majalisar wakilai ta AMAC, wato ƙaramar hukumar birnin Abuja, da Bwari, don duk roƙon da za mu yi yau a cikinsa yake.

Yallabai kai ka fi ni sanin cewa a watan Fabrairun 1976 ne gwamnatin marigayi Janar Murtala ta yi dokar da ta kafa babban birnin tarayya Abuja, kwanaki kaɗan kafin a kashe shi, Allah ya jiƙansa, sai ranar 12 ga Disamba 1991 Janar Babangida ya taso daga Legas ya tare. Kafin duk wannan akwai masu ƙasa, Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana, da Hausawa da Fulani da suka daɗe suna zaune tare da su, kuma wasunsu tashinsu aka yi daga inda yanzu ake kira Maitama da Jabi aka kawo su Kubwa. Ita kanta ƙaramar hukumar Bwari sai 1996 aka ƙirƙiro ta. Da aka dawo mulkin farar hula a 1999 tana haɗe da AMAC a kujera ɗaya a majalisar wakilai, sauran ƙananan hukumomi huɗu wato Abaji da Gwagwalada da Kuje da Kwali su ma kujera ɗaya, sanata ɗaya na kowa da kowa. To tun ranar har yau da nake tsaye gabanka ko kujera ɗaya ba a ƙara mana ba.

In an ce AMAC mutum sai ya tuna Asokoro da Wuse da fadar shugaban ƙasa, amma ranka ya daɗe ƙuri'ar ba a can take ba. Mazaɓun kansila 22 ne a kujerar nan, 12 a AMAC 10 a Bwari, ka lissafa ka ji, Nyanya, Karu, Orozo, Karshi, Kabusa, Gwagwa, Jiwa, Gui, ga Kubwa da Byazhin da Usuma da Ushafa da Shere da Kawu da Igu da Kuduru da mu nan Dutse, ai ka ga kusan duka bayan gari ne, inda masu gadi da masinjoji da malaman makaranta da leburori da ƙananan ma'aikata suke kwana, su fita da asuba su je su yi wa cikin gari aiki su dawo bayan isha'i a gajiye. Mu ne masu layi a rumfar zaɓe.

Wanda ya fara zama a kujerar a 1999 shi ne Nicholas Ukachukwu, mutumin Anambra, a PDP. A 2003 Philip Aduda ɗan Karu ya karɓa ya yi zango biyu, a 2011 ya haye majalisar dattawa inda ya shekara 12. Sai Zephaniah Jisalo wanda ya taɓa riƙe shugabancin AMAC, shi ma zango biyu, amma kafin ya gama na biyun ya bar PDP ya koma APC ya nemi sanata a 2019 bai samu ba, sai Micah Jiba, shi ma tsohon ciyaman ɗin AMAC, ya ci kujerar a PDP. Kenan zaɓe shida a jere lema ce ke cinye nan, ko a 2015 da guguwar Buhari ta share arewa Jonathan ne ya ci Abuja da ƙuri'a 157,195 Buhari na da 146,399, a 2019 ma Atiku ne ya zo gaba duk da cewa mai mulki yana nan cikin garin a zaune. Mutanen Abuja ba sa bin wanda ke kan kujera don yana kan kujera, wannan kam sun nuna shi ba sau ɗaya ba.

Sai ga 2023, wannan kuwa ko mu da muke ciki ba mu ga zuwanta haka ba. Jam'iyyar Leba wadda ba a san ta da wani ƙarfi a nan ba ta zo ta kwashe, Peter Obi ya samu 281,717, Tinubu 90,902, Atiku 74,194, Ireti Kingibe ta kayar da Aduda, Joshua Chinedu Obika ya ɗauke kujerar wakilai. Wasu a wajen nan sun yi murna wasu sun kwana da baƙin ciki, ba sai na nuna kowa da yatsa ba, amma abun da ni na gani da idona shi ne yaran da suka yi rajista a karon farko, 'yan haya a Kubwa da Lugbe da Gwarinpa da Nyanya, waɗanda ba su san wani ubangida ba kuma ba wanda ya taɓa zuwa ƙofarsu neman ƙuri'a, su suka tsaya tun safe har aka ƙirga a gabansu. Garin ya canza, jama'ar da aka yanka wa kujerar nan ba su ne jama'ar yau ba.

Ka tuna bayan zaɓen nan yadda aka yi ta muhawara a rediyo da Facebook kan ko dole sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya samu kashi 25 a Abuja, har Kotun Ƙoli ta yanke a watan Oktoban 2023 cewa Abuja ba ta da wani fifiko, a ɗauke ta kamar sauran jihohi. To mun ji mun karɓa, mu dama ba mu ce mun fi kowa ba. Amma in kamar jiha muke, ranka ya daɗe, a duba mana lissafin nan. A rajistar 2023 Abuja na da masu zaɓe 1,570,307, Ekiti ba ta kai miliyan ɗaya ba amma wakilanta 6, Bayelsa ta ɗan haura miliyan ɗaya wakilanta 5, kowaccensu da sanata uku, mu wakilai 2 da sanata 1, kuma mafi yawan masu zaɓen nan a AMAC da Bwari suke, mutum ɗaya ne ke ɗauke da su duka. Ba ma hassadar Ekiti ko Bayelsa, haƙƙinsu ne Allah ya sanya albarka, namu muke nema.

Abun da ya fi ci min rai ma shi ne mu ba mu da gwamna ba mu da majalisar jiha. Sashe na 299 na kundin tsarin mulki ya ce Majalisar Tarayya ita ce majalisar dokokinmu, wato ku ne ke yi mana kasafin kuɗi ku ne ke yi mana dokar fili da ta haraji, a cikin sanatoci da wakilai 469 uku ne kawai muka zaɓa. Ministan Abuja kuwa naɗa shi ake yi, in ya kyautata mu gode in ya ƙuntata ba mu da ƙuri'ar da za mu cire shi. Duk wanda ya zauna a nan tsakanin 2003 da 2007 ya san rusau, ya san mutum ya fita aiki ya dawo ya tarar da katifarsa a kan ɓaraguzai, ya san yadda aka kori 'yan acaɓa daga cikin gari a 2006 suka tuttuɗo mana nan. Ko tsarin birni ya buƙaci haka ko bai buƙata ba, mutanen da abun ya faɗa wa ba su da zauren da za su kai kuka sai ofishin mutum ɗaya. Haka da bam ya tashi a tashar Nyanya a watan Afrilun 2014, haka da masu garkuwa suka addabi yankin Bwari a farkon 2024 har mutane suka riƙa barin gidajen da suka gina da guminsu.

Ba zan ɓoye alheri ba. A 2021 INEC ta ƙara rumfunan zaɓen Abuja daga 562 zuwa 2,822, layi ya ragu sosai, tsofaffi sun samu sauƙi. A 2023 an naɗa Jisalo minista, karon farko da ɗan asalin Abuja ya shiga majalisar ministoci, 'yan uwanmu Gbagyi sun daɗe suna jiran wannan kuma mun taya su murna da zuciya ɗaya. Zaɓen ƙananan hukumominmu ma INEC ce ke yi ba hukumar zaɓen jiha ba, shi ya sa a 2022 aka tashi PDP uku APC uku, abun da ba kasafai ake gani a jihohi ba.

Mu ma da namu laifin, kuma gara in faɗa a gaban baƙo. A 2023 waɗanda suka fito zaɓe ba su kai kashi ɗaya cikin uku na masu rajista ba. Mu 'yan arewa musamman, mutum ya shekara 20 a Dutse, a nan ya yi aure a nan 'ya'yansa ke makaranta a nan yake biyan haya, amma katinsa na Funtuwa ko Haɗeja, zaɓe ya zo ya hau mota ya tafi gida, ya dawo yana kukan kwalbati da rashin ruwa. 'Yan uwana ku maido katinku inda kuke kwana, INEC na yin canjin kyauta ne.

To ranka ya daɗe ga roƙonmu. Kundin ya ce a riƙa duba iyakokin mazaɓu bayan shekara 10 kuma yawan jama'arsu ya zama kusan daidai, amma rabon da a yi yankan mazaɓu a ƙasar nan tun 1996. Mun san sashe na 49 ya ƙayyade kujeru 360, shi ya sa maganar ta dawo teburinku. Muna so a raba kujerar nan, Bwari ta tsaya da ƙafarta, AMAC ma a duba girmanta a raba ta. Maganar magajin gari zaɓaɓɓe da ta faɗi a gyaran 2022 a sake ɗago ta, kuma duk yadda za a yi a tabbatar masu ƙasa na asali ba su ɓace a cikin yawanmu ba, don mu mun zo mun same su ne suka ba mu wurin zama.

Mun rubuta duk wannan a takarda da sa hannun masu unguwanni, iyayenmu za su miƙa maka yanzu. In an tashi kuma muna roƙon ka ba mu minti 30 mu zaga da kai cikin unguwa ka ga hanya da makarantar firamare da idonka kafin a ci abinci. Allah ya saka da alheri, ya maida kai gida lafiya. Bismillah ranka ya daɗe, ga lasifika.