Sharhi: Kabaid na mai walda ne, ba na ayaba ba

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro.

Akwai wani dutse mai ruwan toka, mai wari kamar tafarnuwa, wanda duk mai walda ya san shi: kabaid. Ya jefa shi cikin ruwa, iska ta tashi, ya ƙyasta mata wuta ya narka ƙarfe. To wannan dutsen ne wasu 'yan kasuwa ke ƙullewa a takarda ko tsumma, su cusa a tsakiyar lodin ɗanyar ayaba, su yayyafa ruwa, su lulluɓe da tamfol. Kwana ɗaya ko biyu ayaba ta yi ruwan ɗorawa gwanin sha'awa, a ɗora ta a baro da faranti a shiga gari.

Wa ke cin ta? Majinyacin da aka je dubawa asibiti da ledar ayaba da lemo. Jaririn da uwa ke murje masa ita da cokali tana koya masa cin abinci. Mai azumin da ya wuni da ƙishirwa ya zauna buɗa-baki. Waɗannan ne ake ciyarwa da abin da aka nuka da kayan aikin mai walda.

A shekarar 2023 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, a ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta fito da gangamin wayar da kai a kan wannan ɗabi'a, ta ce tana iya jawo ciwon daji da lalacewar ƙoda da hanta. An yi taruka, an buga a jaridu. Mun gode. Amma gargaɗi kaɗai ba ya nuka ayaba, kuma ɗan kasuwar da ya sauke mota guda ta ɗanyar ayaba nuna yake nema.

Mu ɗan tsaya mu fahimci yadda abin yake. Ayaba na cikin 'ya'yan itatuwan da ke ci gaba da nuna bayan an sare su, kamar mangwaro da gwanda da tumatir. Ita da kanta take fitar da wata iska da ake kira etilin, wadda ke ba ta umarnin nuna: garin da ke cikinta ya juye ya zama suga, naman ya yi laushi, ƙanshi ya fito. Tun 1901 wani ɗalibin kimiyya ɗan Rasha, Neljubow, ya gano tasirin wannan iska a kan tsirrai, sannan a 1934 wani masani a Ingila, Richard Gane, ya tabbatar 'ya'yan itace da kansu ke samar da ita. Iyayenmu ba su san sunanta ba, amma sun san aikinta. Shi ya sa suke sa nonon ayaba a buhu ko tukunya, su jefa nunanniya ɗaya a ciki, su rufe su ba shi kwanaki.

Iskar da kabaid ke fitarwa, asetilin, kwaikwayon waccan take yi. Masifar ita ce kabaid na masana'anta ne, ba wanda ya tace shi domin cikin mutum. Yana ɗauke da ɓurɓushin sinadaran asenik da fosfaras, kuma asenik na cikin abubuwan da hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar suna haddasa cutar a jikin ɗan Adam. Wanda ya fi kowa shaƙar hayaƙin shi ne yaron shagon da ke ɗaga tamfol da safe, da ɗan dakon da ke rungumar lodi. Ga kuma ha'inci: tunda kabaid na iya sauya launin ɓawo ko da ayaba ba ta ƙosa ba, sai a riƙa sare ta tun tana ƙarama. Ka ɓare, ɓawo ya nuna, ciki da tauri, ba zaƙi ba ƙanshi.

Za ka ji wani na cewa, ai mun daɗe muna ci ba mu mutu ba. Haba malam! Guba irin wannan taruwa take yi a jiki sannu a hankali, ba ta kayar da mutum a bakin baro. Wani kuma ya ce in bai sa ba kayansa za su nuna a warwatse, jarinsa ya karye. Wannan kukan na ji shi, domin ayaba da agade daga kudu ake ɗauko su ɗanyu, su yi doguwar tafiya a bayan mota cikin zafi. Amma jarin mutum ɗaya ba zai zama hujjar taɓa ƙodar unguwa guda ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganin matsalar ba ɓoyayye ba ne. Duk ayabar da ake sayarwa a kantunan Turai ɗanya aka sare ta. Daga Ekwado, daga Kodebuwa, daga Kamaru maƙwabciyarmu, ana loda ta a jirgin ruwa cikin sanyin da bai wuce digiri 13 zuwa 14 ba don kada ta nuna a hanya. In ta isa, sai a shigar da ita ɗakin nuka, a saki iskar etilin ɗan kaɗan na kwana guda, a daidaita sanyin ɗakin, cikin kwana huɗu zuwa bakwai ta nuna bai ɗaya. Wata ma ayabar Afirka ce fa. Ana nuka wa Bature ita da tsabta, mu a nan ana nuka mana da kabaid.

Kada a ce sai ƙasa mai arziki. Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa noman ayaba, ta sha fama da wannan matsala. Dokarta ta abinci ta 2011 ta haramta kabaid, hukumar kula da abinci ta ƙasar kuma ba ta tsaya a haramci ba, ta halatta etilin daidai gwargwado, ta fitar da ƙa'idar amfani da shi. Har yanzu suna kama masu karya doka, amma ɗan kasuwa na gari yana da hanyar da zai bi.

Mu ina tamu hanyar? Gwamnatocin jihohi na gina shaguna a kasuwanni, me ya hana a gina ɗakin nuka a kowace babbar kasuwar 'ya'yan itace, mai aiki da hasken rana, ɗan kasuwa ya biya kuɗi kaɗan a kan kowane lodi? Shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa sun san mai sa kabaid da wanda ba ya sawa, kuma da yawa ba sa sawa, amma sunansu na ɓaci tare da na masu yi. Su fara hukunta nasu tun kafin hukuma ta zo. NAFDAC kuma ta sauko daga ɗakin taro ta shiga rumfuna da kayan gwaji, ta bi sawun yadda kabaid ke fita daga hannun masu walda ya shiga wajen abinci.

Ku kuma masu saye, in kun ga ɓawo ya yi ɗorawa sumul amma kan ayabar kore shar, ko kun ga farin gari a jikinta, ku ajiye ku wuce. Ku sayi ɗanya wadda ta ƙosa, ku sa a buhu ku nuka a gida, ku wanke kafin ku ɓare. Kafin azumi mai zuwa muna son mu ji jihar da ta fara gina ɗakin nuka, kuma za mu ci gaba da tambaya a wannan fili.